Murfin da Ke Ƙarƙashin Gadon Barakatu

Duk wanda ya san Sada mai hatsi a Daura zai shaide shi da cewa mudunsa cikakke ne. Ba ya tauye awo, ba ya cakuɗa tsohon gero da sabo. Aibinsa ɗaya ne, shi kuwa ya ishe shi, wato kishi. Ba irin wanda kowane magidanci yake yi wa iyalinsa ba. Sada mutum ne da idan mai ruwa ya cika gyara murya wajen sallama a ƙofar gidansa, gobe sai ya sauya mai ruwa. Wani tela ya taɓa cewa atamfar nan za ta dace da uwargida, alhali ko inuwar matar bai taɓa gani ba, awo kawai aka kai masa. Tun daga ranar Sada ya koma kai ɗinkin matarsa Barakatu har Zango.

Amma su mai ruwa da tela duk ƙananan alhaki ne. Sunan da yake hana Sada sakewa shi ne Zailani.

Zailani ya riga Sada zuwa zance wurin Barakatu, can garinsu Baure, lokacin yana yaron mota, Sada kuma yana auna gero a rumfar kawunsa. Ba wanda ya matsa mata. An tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce Sada, aka ɗaura aure aka watse. Mai hankali da nan zai rufe zancen ya gode wa Allah. Sada kuwa sai ya ɗauko Zailani ya ajiye shi a ƙirjinsa, yana yawo da shi kasuwa da masallaci. Barakatu ba ta taɓa ambatar sunan mutumin ba ko da wasa, kuma wannan shirun ne ya fi cin Sada. Yakan tambayi kansa, in babu komai, me ya sa take tsallake sunan?

Sai kuma Allah ya buɗa wa Zailani ta inda ba a zata ba. Ya sayi wata tsohuwar mota mai tanki da tiyo, irin wadda ake zuƙe sokawe da ita, wato ramin simintin nan da bandakin zamani yake zuba ƙazanta a ciki. Da farko dariya aka yi ta yi masa, in ya wuce ta gaban majalisa sai a toshe hanci. To amma gidajen bulo suka yi ta tashi a bayan gari, kowa yana son bandaki mai ruwa, kuma kowane rami da ranar cikarsa. Daga Daura har Zango har Mai'aduwa, motarsa ake jira. Masu toshe hanci suka koma neman lambar wayarsa. Ya je Makka ya dawo, ya ɗora bene. Duk da haka bai bar hali ɗaya ba: motar ba ta fita aiki sai yana ciki, kuma shi da kansa yake ɗaga murfi ya leƙa da tocila kafin a zura tiyo.

Ranar da Sada ya ga an shafa wa benen Zailani fenti, ya dawo gida ya ture tuwo ya ce ba ya jin yunwa. Washegari ya kira Auta magini ya ce ɗaki zai gina wa Barakatu, irin wanda ko matar mai bene ta gani sai ta ƙara kallo.

Gidan na gado ne, a matse cikin lungu. Shekara da shekaru Barakatu tana kwana da yara a ɗaki ɗaya, in kaka ta yi kuma buhunan gero su shigo su ƙwace mata rabinsa. Filin da ya rage a gidan kaf shi ne daɓen da ke kusurwar tsakar gida. Auta ya buga ƙafa a kai, ya ji ƙarar rami.

"Maigida, nan fa kan sokawe ne," in ji shi. "Ranar da ya cika, ta ina za a zuƙe?"

"Ka bar murfin inda yake, ka yi masa tayil mai ɗaguwa. Gado zai rufe shi."

"To masu zuƙar ta ƙofar ɗakin za su shiga ke nan."

"Kai dai yi aikinka, Auta. Kafin ranar ta zo Allah zai kawo mafita."

A wurin Sada ranar tana da nisa kamar tsufa. Auta ya ɗaga kafaɗa, ya fitar da bututun iska ta bayan bango, ya hau gini.

Gaskiya ɗaki ya yi kyau. Tayil fari, silin, fanka, da taga mai kallon bishiyar lemon tsamin da ke tsakar gida. Ranar da Barakatu ta tare a ciki ta yi kuka, ta yi dariya, ta sa wa Sada albarka har ya rasa inda zai sa kansa. Ta ɗinka labule da hannunta. Kullum da hantsi sai ta goge tayil, ta sa turaren wuta, ta rufe ƙofa don ya kama. Yara ma sai sun wanke ƙafa suke shiga. In ta gama aikin gida, nan take zama bakin taga tana tsefe kai, kuma duk wanda ya gan ta a lokacin ya san mace ce da ta sami wurinta.

Shekaru suka shuɗe, rami yana aikinsa shiru. Shi sokawe ba ya cika rana ɗaya, sai ya yi ta aiko da saƙo. Da farko ruwa ya fara jinkirin tafiya in an kora. Daga baya bandaki ya fara wani gurnani, kamar cikin wanda ya sha tsohon kunu. Da damina ta sauka ƙasa ta ƙoshi, sai wari ya fara tasowa, ba a bandaki kawai ba, har ta ƙarƙashin gadon Barakatu. Ta ninka turare, wari ya haɗu da turare suka zama wani abu na uku da ya fi kowannensu muni.

"Malam," ta ce masa wata safiya tana zuba masa koko, "ramin nan fa ya cika."

"Damina ce. In ruwa ya ɗauke zai sauka."

Bai sauka ba. Sada ya kai kuka kasuwa ba tare da ya faɗi gidan wa ba ne, kuma kasuwa ba ta rasa likitoci. Wani ya ce kananzir, wani ya ce gishiri, wani ya rantse da toka. Sada ya haɗa duka ya antaya, gida ya koma warin kananzir da abin da aka so kananzir ya ɓoye. Ya nemi wata mota a Katsina, direban ya ce ba zai ƙona mai don gida ɗaya ba, sai an tara masa gidaje. Sada kuwa ba zai bi maƙwabta yana tambayar wanda raminsa ya cika ba, don amsar da za su ba shi ya riga ya san ta. Ya yi tunanin masu yashewa da bokiti, sai ya hango ƙarti suna shige da fice a ɗakin matarsa wuni guda, ya ji gara ma bai yi tunanin ba.

Barakatu ta fara ciwon kai. Ta daina zaman bakin taga. Gefen tayil ɗin da ke kusa da gado ya fara tsattsafo da wani ruwa mai duhu, ta goge ya dawo. A ƙarshe ta ɗauki filonta ta koma ɗakin yara, ta bar nata a rufe, kuma hakan ya fi warin yi mata ciwo.

"Malam, don girman Allah ka kira mai motar garin nan."

Sada ya ajiye cokali. "Wane mai mota?"

"Ai ka san shi."

"Ba shi da suna ne?"

Ta dube shi. Tana sane da cewa in ta faɗi sunan zai ce ya ji yadda ya fito a bakinta, in ta ƙi faɗa zai ce me take ɓoyewa. Ta kwashe kwanuka ta tafi. Shi kuma ya fita kasuwa yana huci, ya wuni yana auna gero yana ganin fuskar Zailani a cikin mudu.

Barakatu mace ce mai haƙuri, kuma ta san mijinta ciki da waje, don haka ita ta nema masa hanya. Yayarta Murjanatu ta yi jika a Baure, za a yi suna. Ta ce za ta je da yara su kwana biyu.

"Ka ga ba na gida," ta ce a hankali. "Ba wanda zai gan ni, ni ma ban ga kowa ba. Na kwashe kayana na kulle a durowa, na cire labule, har madubi na kife. Gado kawai za ku matsar. Malam, ɗakina nake so in koma. Ban roƙe ka komai ba sai wannan."

Sada ya ji kunya ta kama shi, don ya gane ta karanta shi tsaf. Ya ce to, in sha Allahu kafin ta dawo an gama. Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya raka su tasha, ya saya wa yara rake, ya dawo da niyyar kiran mota.

Da ma ya kira tun daga tasha. Sai ya ce bari ya fara matsar da gadon.

Ya buɗe ɗakin, ya ja gado gefe, ga murfi nan ya jiƙe. Ya tsaya yana dube-dube. Ta kwashe komai kamar yadda ta ce, amma ɗaki bai daina zama nata ba. Ƙarƙashin warin nan har yanzu akwai turarenta a jikin bango. Ga ɗan duhun da man kitsonta ya bari a fenti, daidai inda take jingina kai. Ga ƙusar da take rataya ɗankwali. A zuci Sada ya hango Zailani ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo, ya durƙusa a nan, daidai inda ƙafarta take sauka in ta tashi da asuba. Zai ɗaga kai ya ga tagar. Zai san ta wane gefe take kwana. Zai gama aikinsa ya tafi da ɗakin a cikin kansa, ya hau benensa ya zauna da shi, kuma ba wanda zai iya karɓowa. Har abada in sun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, Zailani zai miƙo hannu yana murmushi, shi mutumin da ya taɓa shiga ɗakin Barakatu.

Sada ya dafa bango. A nan ne dabarar ta zo masa, irin dabarar da ba ta zuwa wa mai lafiya. Idan babu ɗaki, ai ba wanda zai ce ya shiga ɗaki. Fili ne kawai a tsakar gida, kamar na kowa.

Ya aika aka kira Auta. Maginin ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire hula ya sosa kai.

"Maigida, ko dai ban ji daidai ba?"

"Rufin za ka cire, da bangon gaba. In an gama sai mu mayar."

"Mu mayar da me? Silin in ya sauko ya sauko ke nan. Bangon gaba shi ya riƙe na gefe. Ga damina. Haba maigida, aikin da ba zai kai azahar ba? Ka shimfiɗa buhu a kan tayil, su wuce da tiyo, shi ke nan."

"Na tambaye ka shawara?"

Auta ya ce shi dai hannunsa ba zai rushe abin da ya gina lafiya lau ba. Sada ya fizgi gudumar da ke jakarsa ya kai wa bango duka. Na farko ya ji kamar a jikinsa. Na biyu ya fi sauƙi. Da Auta ya ga mutumin zai jawo wa kansa kwano a ka, sai ya yi salati ya hau sama ya fara cire ƙusa. Suka fitar da gado da durowa tsakar gida suka lulluɓe da tamfol. Kafin la'asar taga tana jingine da bishiyar lemo, bangon gefe ya tsage daga sama har ƙasa, farin tayil ya farfashe a ƙarƙashin bulo. Matan maƙwabta suna leƙe ta katanga suna tambayar ko gobara aka yi.

Abin haushi, Sada daɗi ya ji. Ya tsaya cikin ƙura yana haki, ransa fes, kamar wanda ya ci wani yaƙi. Ya ce wa Auta ya je ya faɗa wa masu mota su zo gobe da safe, don shi bakinsa ba zai roƙi Zailani ba.

Washegari Sada ya yi wanka, ya sa shaddarsa ta Sallah, ya karya hula, ya fesa turare. Tun da ake zuƙe sokawe a Daura ba a taɓa yi wa motar irin wannan kwalliya ba. Ya tsaya bakin lungu ya harɗe hannu a baya, yana maimaita gaisuwar da zai yi, gajeriya, mai sanyi, ta wanda ba ya buƙatar kowa.

Mota ta iso tana tari. Wani dattijo mai furfura ya sauko daga mazaunin direba, ma'aikata biyu suka diro daga baya suka fara warware tiyo. Sada ya leƙa cikin motar. Ba kowa.

"Sannu maigida," in ji dattijon. "Ni ne Sha'aban, direban Alhaji."

"Ina shi maigidan naku, Baba?"

"Ya ce a gaishe ka da kyau. Da ya ji gidan da za a zo, sai ya ce yau mu tafi mu kaɗai."

"Don me?"

"Wallahi bai faɗa ba. Ni ma na yi mamaki, don bai saba ba."

Wani zai ce to ai shi ke nan, Sada ya huta. Ina! Nan take wata sabuwar wuta ta kama shi. Mutumin da yake shiga kowane gida, me ya hana shi shiga wannan? Ashe bai manta ba ke nan. Ashe har yau akwai abin da yake tsoron gani, ko yake tsoron a gani a fuskarsa. Da ya zo, da Sada ya ƙone. Da bai zo ba, ga shi yana ƙonewa. Ya bi bayan tiyo zuwa cikin gida, shaddarsa tana jan ƙura.

Sha'aban ya ga kangon ya tsaya. "Subhanallahi. Iska ce?"

"Gyara nake yi."

Dattijon ya dubi tayil, ya dubi gadon da ke ƙarƙashin tamfol, ya haɗiye abin da ya zo bakinsa. Suka ɗaga murfi. Abin ya daskare, sai da suka zuba ruwa suka yi ta motsawa da doguwar gora kafin inji ya fara ja. Sha'aban yana aiki yana magana, irin ta wanda ya faɗi abu ɗaya a gidaje da yawa. Ya ce a daina jefa famfas ɗin yara da leda. Ya ce kananzir ba ya rage komai, kashe ƙwayoyin da ke cinye ƙazantar kawai yake yi. Ya ce kada a jira sai wari ya yi sallama, da an ga ruwa ya fara nawa a kira su. Da suka kusa gamawa ya hana a zuƙe tas, ya ce ana barin kaɗan a ƙasa, shi ne irin da zai tayar da ramin. Sada yana gyaɗa kai, ba abin da ya shiga kunnensa.

Kafin azahar sun naɗe tiyo, sun wanke wurin, mota ta kama hanyar gonakin da ke jiran taki. Gida ya yi tsit. Iska ta wanke. Sada ya zauna a kan bulo, kuma a karo na farko ya dubi abin da ya yi da idon wanda zai shigo daga waje. Gabas ta fara haɗa hadari.

Bai ji tsayuwar mashin ba, sai muryar Barakatu a zaure. Ta baro yara wurin yayarta, ta yi saurin dawowa don ta wanke ɗakinta ta mayar da labule. Ta ja numfashi tun daga zaure ta yi dariya.

"Alhamdu lillahi! Malam, gida ya dawo gida. Allah ya saka da..."

Ta fito tsakar gida. Ƙullin cincin da ta riƙo daga wurin suna yana hannunta, ba ta sake shi ba. Ta dubi inda ƙofarta take da. Ta dubi tagar da ke jingine da lemo. Ta taka a hankali har bakin tayil, ta tsaya, kamar mai jiran a ce ta shigo.

"Zan sake gina miki," in ji Sada da sauri. "Wanda ya fi wannan. Da kaka ta yi, wallahi..."

"Faɗowa ya yi?"

Ya kau da kai ya dubi tamfol.

"Malam, faɗowa ya yi?"

"A'a."

Ta gyaɗa kai. Ba ta tambayi dalili ba, ta san shi. Shi kuwa, da yake ciwon ya fi ƙarfinsa, ko a wannan lokacin sai da ya saci kallon fuskarta ya ce, "Bai ma zo ba. Yaransa ya turo." Yana so ya ga ko za ta ji haushi.

Ta juyo ta dube shi sosai, kuma abin da ya gani ba haushi ba ne, gajiya ce.

"Ka san me ake ce mini a Baure duk zuwan da na yi?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ana ce mini na yi wauta. Wai ga wanda na ƙi can a bene, ni ina lungu wurin mai ƙirga wanda ya gaishe ni. Ban taɓa faɗa maka ba. Ba na musu da su. Sai in ce su zo Daura su ga ɗakin da mijina ya gina mini. Jiya ma haka na faɗa, a gaban mata." Ta nuna kangon da haɓa. "Jibi Yaya Murjanatu za ta kawo yara. Me zan nuna mata?"

Sada ya dubi kangon. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan tamfol.

Barakatu ta ajiye ƙullin cincin a kan bulo kusa da shi, ta gyara mayafinta.

"Tashi ka tsayar mini da mai mashin ɗin nan kafin ya yi nisa."

Ya tashi. Ya fita lungu da gudu cikin shaddar Sallah, yana ɗaga hannu, yana ƙwala wa wani namiji kira ya dawo ya ɗauki matarsa.